Shawara: Naɗin garin shinkafa da ƙwai ya gagare ni, maigida ya ce in haƙura

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce, muna zaune a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda maigidana yake harkar sayen kaya. Akwai wani abin karin kumallo da mutanen nan suke kira changfen, wanda ake turara ƙullun garin shinkafa a tire, a zuba ƙwai a kai, a naɗe, sannan a kwarara masa ruwan soya, wato wani romo mai gishiri da ake yi da waken soya. Maigida da yara suna matuƙar son sa, amma na hana a sayo tun ranar da na ga mai rumfar yana zuba niƙaƙƙen naman alade a tiren da yake yi mana namu. Na ce zan riƙa yi a gida, sai dai abin ya ƙi: wani lokaci ya fito da danƙo ya manne, wani lokaci gefe ya bushe tsakiya na ɗanye, idan na zo naɗewa kuma ya yayyage. A farantin tangaran mai zurfi nake zuba ƙullun, in sa a ƙaramar tukunya, ina buɗewa ina dubawa. Maigida ya ce in haƙura tunda ba girkin da na tashi da shi ba ne, maganar kuwa ta yi mini ciwo, ga yara kullum suna tambaya. Ki taimaka mini da shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Abin da zan fara gaya miki shi ne hannunki lafiya lau yake, domin duk matsalolin da kika lissafa suna da sanadi sananne, kuma ke da kanki kin ambaci uku ba tare da kin lura ba, wato farantin tangaran mai zurfi, da ƙaramar tukunya, da buɗe murfi ana tsakiyar turarawa. Na huɗun, wanda nake zargi ko da yake ba ki faɗa ba, shi ne irin garin da kika sayo. Wannan abinci ya dogara ne kacokan a kan ƙullu mai ruwa-ruwa, da shimfiɗa marar kauri, da tururi mai ƙarfi wanda ba a katse shi ba, kuma da zarar ɗaya ya kauce, sauran ba za su iya rufa masa asiri ba.

Hana sayen da kika yi daidai ne, kuma ba tsanani ba ne. Yawancin rumfunan da ke sayar da shi a lardin Guangdong, inda birnin Guangzhou yake, suna amfani da madambaci mai aljihuna, inda ake zaro tire, a kankare abin da ya nuna, a shafa mai, a sake zuba ƙullu, a mayar, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma babu wanda yake tsayawa wanke tire tsakanin mai saye da mai saye a lokacin cunkoson safiya. Saboda haka ko kin ce na ƙwai zalla kike so, tiren da makankarin duk sun riga sun taɓa naman wani. Idan wata rana kuna son ci a waje, ku nemi gidan abinci mai alamar halal, wadda Sinawa suke kira qingzhen, kuma irin waɗannan gidajen sun fi yawa a unguwar Xiaobei da kewayen masallacin Huaisheng. Amma tambayarki a kan girkin gida take, don haka mu koma kicin.

Garin shinkafa iri biyu ake sayarwa a shagunan can, kuma a ido ba su da bambanci, dukansu fari fat ne masu laushi. Akwai zhanmi fen, garin shinkafa ta yau da kullum, akwai kuma nuomi fen, garin shinkafa mai danƙo, wanda ake yin kayan zaƙi da shi. Bambancinsu yana cikin sitacin da ke jikin ƙwayar. Sitacin shinkafa kashi biyu ne, amilos da amilofektin. Shinkafa mai dogon tsaba tana da amilos mai ɗan yawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na sitacinta, kuma shi ne yake sa ƙullu ya daskare ya zama shimfiɗar da za a iya ɗagawa a naɗe. Ita kuwa mai danƙo kusan babu amilos a cikinta, shi ya sa duk yadda kika turara ta ba za ta tsaya ba, sai dai ta riƙa jan zare tana manne wa cokali. Ranakun da kika ce abin ya fito da danƙo, ina kyautata zaton wannan garin ne ya shigo hannunki. Ki ɗauki hoton ledar da wayarki ki fassara rubutun, ko ki nuna wa mai shago ki faɗa masa sunan abincin da za ki yi. Idan kuma garin ƙasar Tailan kika samu, wanda ya fi yaɗuwa a cikinsu yana zuwa da jan rubutu a kan na shinkafa ta yau da kullum, koren rubutu kuma a kan mai danƙo.

Ko da garin daidai ne, shi kaɗai yakan ba da shimfiɗa mai saurin karyewa, musamman busasshen gari na leda, don haka ake ƙara masa ɗan sitaci. Sitacin rogo yana sa shi taushi da jan jiki ta yadda zai lanƙwasu bai tsage ba, sitacin masara ko na alkama kuma yana sa shi santsi da sheƙi. Ma'aunin da zan ba ki ki fara da shi shi ne giram 100 na garin shinkafa, giram 20 na sitacin rogo, giram 20 na sitacin masara ko na alkama, ruwa mililita 330 zuwa 350, ɗan gishiri, da ƙaramin cokali ɗaya na mai. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin, domin awon kofi yana yaudara a kan gari, yau ki danna shi gobe ki bar shi a sake, nauyin ya bambanta. Ki dama da ruwan sanyi, ki tace da rariya, ki bar shi ya huta kamar minti 30 don garin ya sha ruwa. Ƙullun da ya yi daidai zai ba ki tsoro da farko, saboda tsinkewarsa ba ta wuce ta madara ba, kuma a nan ne masu koyo da yawa suke ƙara gari suna ganin gyara suke yi, alhali ɓatawa ce.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan ƙullu da ya kamata ki riƙe: sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi, yawo kawai yake yi a ciki, kuma cikin minti ɗaya ko biyu ya fara kwantawa a ƙasan kwano. Idan kika ɗiba ba ki juya ba, tiren farko zai samu kusan ruwa zalla ya caɓe, na ƙarshe kuma ya samu tulin gari ya yi tauri. Ki lura da masu rumfa, za ki ga ludayin ba ya fita daga bokitin sai sun zagaya shi har ƙasa. Ke ma haka za ki yi kafin kowane ɗiba.

Yanzu ga babbar matsalar, wato farantin da tukunyar. Tangaran yana da kauri kuma yana jinkirin ɗaukar zafi, ga shi farantin cin abinci yana da zurfi a tsakiya, don haka ƙullun yakan gangara ya taru a wuri ɗaya, gefe ya samu kaɗan ya bushe, tsakiya ta samu da yawa ta ƙi nuna. Abin da kika bayyana ke nan daidai. Ki nemi tiren ƙarfe marar kauri mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, na bakin ƙarfe ko na alminiyam, mai faɗin kamar santimita 20, kuma ki sayi biyu don ɗaya yana wuta kina kankare ɗayan. Ana sayar da ƙaramin madambaci mai aljihu biyu na gida a kasuwannin can da shagunan intanet, kuma idan da hali yana sauƙaƙa aiki, amma ba dole ba ne. Babban kaskon Sinawa mai murfi, ko faffaɗar tukunya da aka sa wa matashin ƙarfe a ciki, ya wadatar, matuƙar akwai sarari tsakanin bakin tiren da jikin tukunyar da tururi zai hau ya zagayo ta sama. A ƙaramar tukunya tiren yakan toshe hanya, ƙasa ta yi zafi, sama kuwa ba ta samu tururin kirki ba.

Dalilin da ya sa ake nacewa a kan ƙarfin tururi shi ne sitacin shinkafa yana kumbura ya haɗe jiki ne idan zafi ya kai tsakanin digiri 60 da 80 a ma'aunin Selshiyas, kuma ana so ya kai wannan matsayi da gaggawa, kafin garin ya samu damar kwantawa a ƙasan tiren. Idan wuta ta yi rauni, garin zai rabu da ruwan tun kafin ya nuna, ki samu ƙasa mai gari-gari da sama mai yauƙi. Tururin tafasasshen ruwa yana kan digiri 100, amma duk lokacin da kika ɗaga murfi ya tsere, zafin cikin tukunyar ya faɗi, kuma girkin da gaba ɗayansa bai wuce minti biyu ba ba shi da lokacin da zai farfaɗo. Ki sa wuta a ƙarshenta, ruwan ya riƙa tafasa yana tsalle, kuma idan murfinki na gilashi ne ya fi, don ki gani ba sai kin buɗe ba. Idan na ƙarfe ne, ki naɗe shi da tsabtataccen ƙyalle ki ɗaure ta sama nesa da wuta, domin gumin da ke taruwa a cikinsa kada ya ɗiga a kan shimfiɗar ya huda ta.

Ga yadda tire ɗaya yake tafiya. Ki sa tiren babu komai a cikin tururi kamar rabin minti ya yi zafi, ki fito da shi, ki shafa mai kaɗan da buroshi har kusurwoyi, shafawa kawai, kada man ya kwanta, in ba haka ba ƙullun zai riƙa sulɓewa yana barin ramuka. Ki juya ƙullu, ki zuba kamar mililita 50 zuwa 60, sannan ki karkata tiren hagu da dama har ya rufe ƙasan duka. Saboda tiren yana da zafi, za ki ga ƙullun ya fara kamawa nan take, ya bar wani siririn farin mayafi da ba ya gudu, kuma kaurinsa bai kamata ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Ki zuba ƙwai, ki barbaɗa yankakken lawashi, ki mayar, ki tabbata tiren ya zauna daidai bai jirkice ba, ki rufe. Bayan minti ɗaya da rabi zuwa biyu shimfiɗar za ta tashi da manyan ƙuraje na iska, tana kumbura tana sauka, launinta ya juya daga farin alli zuwa mai ɗan haske da ake hango tiren ta ciki. Wannan kumburin shi ne alamar nuna da masu sana'ar suke dubawa, kuma ya fi agogo gaskiya.

Maganar ƙwai tana buƙatar ɗan bayani. A rumfa za ki ga an fasa ƙwai ɗaya kai tsaye a kan ƙullun an ɗan baza shi da ludayi, amma tirensu ya fi naki girma, tururinsu kuma ya fi naki ƙarfi nesa ba kusa ba. A tire mai santimita 20, rabin ƙwai ya isa. Ki fasa a kofi, ki kaɗa shi sama-sama yadda fari da gwaiduwa ba su gama haɗewa ba, ki zuba a zagaye, ki baza da bayan cokali, kada ya taru a wuri ɗaya, domin duk inda ya taru ƙullun da ke ƙarƙashinsa ba zai nuna ba. Farin ƙwai yana fara daskarewa a wajen digiri 62, gwaiduwa kuma tsakanin 65 da 70, don haka idan shimfiɗar ba ta da kauri tare suke nuna da shinkafar. Ƙwan da kika ciro daga firji yanzu-yanzu yana rage zafin tiren, gara ki fito da shi tun kina dama ƙullu. Wasu suna son gwaiduwar da ɗan ruwa-ruwa, amma tunda yara ƙanana za su ci, ki bari ta daskare sarai saboda ƙwayar cutar salmonela, haka ma idan akwai mai juna biyu a gidan.

Idan kin fito da tiren, kada ki hau kankara nan take. Shimfiɗar tana da rauni a lokacin da take tiriri, kuma ɗan jira na rabin minti yana ba ta damar haɗe jiki ta saki ƙarfen. Ki shafa wa makankarin roba mai, ki zagaye gefuna, sannan ki tura daga gefe ɗaya zuwa ɗayan a kwance. Kada ki damu da sai ya fito a naɗe sumul. Na rumfunan titi ma yawanci a tattare yake da ninki-ninki, kuma ninkin ne yake riƙe ruwan soya. Idan har yanzu yana yagewa, ki duba yadda yagewar take. Wanda ya tsage a bushe yana neman ƙarin ruwa ko ƙarin sitacin rogo, wanda ya narke ya manne wa makankari kuma ko dai bai nuna ba ko ruwa ya yi masa yawa. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane gwaji, ki rubuta abin da kika canza, domin idan kika sauya gari da ruwa da wuta a lokaci guda ba za ki san wanne ya gyara ba.

Shi kansa naɗin ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi, romon da ake zuba masa ne yake tashe shi, kuma ruwan soya kai tsaye daga kwalba gishirinsa ya yi yawa. Ki soya yankakkiyar albasa ƙanana a cokali biyu na man gyaɗa har ta yi ja, ki zuba cokali uku na ruwan soya marar duhu, da ruwa daidai da shi ko fiye kaɗan, da ƙaramin cokali na sukari, ki bari ya tafasa sau ɗaya ki sauke. Ruwan soya da aka tsima yakan ɗauki ɗan burbushin barasa daga tsimin, malamai kuma sun yi magana a kai, don haka mafi sauƙi ki sayi mai alamar halal hankalinki ya kwanta. Idan hannunki ya faɗa, kina iya ƙara niƙaƙƙen naman sa, ko jatan lande, ko ganyen latas, yadda mutanen yankin Chaoshan da ke gabashin lardin suke cika nasu da kayan haɗi, amma ki baza naman ƙanana-ƙanana kuma ki ƙara lokacin turarawa har ya nuna. A yanzu dai ki tsaya a kan ƙwai da lawashi.

Zan gaya miki gaskiya a kan abu ɗaya don kada ranki ya ɓaci daga baya: na garin leda ba zai yi ƙamshin na rumfar da ta iya ba. Masu sana'ar da suka amsa sunansu suna jiƙa tsohuwar shinkafa mai dogon tsaba, wadda ta daɗe a ajiye, su markaɗa ta da ruwa a dutsen niƙa, saboda tsohuwar shinkafa ta fi shan ruwa kuma ba ta da danƙon sabuwa. Kina iya kusantar wannan a gida idan kika jiƙa shinkafar awa huɗu ko fiye, kika markaɗa a bilenda da ruwan da ya ninka nauyinta sau biyu ko ɗan fiye, har sai kin murza tsakanin yatsu ba ki ji tsaki ba, sannan ki tace. Sai dai wannan mataki na biyu ne, bayan kin mallaki tire da wuta. Idan za ki jiƙa ta kwana, a firji za ta kwana, haka ma ragowar ƙullu, kuma kada ya wuce washegari. Guangzhou gari ne mai zafi da laima, kuma hukumomin lardin sun sha gargaɗin jama'a a kan jiƙaƙƙun kayan shinkafa da suka daɗe a waje, saboda wata ƙwayar cuta da ke haifar da gubar da ake kira bongkrekic, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Abin da kika turara kuma a ci shi da zafinsa, domin yana hucewa sitacin yake komawa ya yi tauri.

Game da maganar maigida, ban ga raini a cikinta ba, ko da yake na fahimci dalilin da ya sa ta sosa miki rai. Mutum ne ya ga matarsa tana wahala da sassafe, yara suna jiran tafiya makaranta, abinci yana lalacewa, sai ya faɗi abin da yake ganin zai sauke miki nauyi, bai auna yadda zai sauka a kunnenki ba. Ki same shi a lokacin natsuwa ki gaya masa cewa kalmar ta yi miki nauyi, kuma abin da kike nema a wurinsa tire biyu ne da sikeli da ɗan uzuri. Ki kuma daina gwaji da safiyar ranar aiki, lokacin da kowa yake kallon agogo. Ki zaɓi yammacin da ba kowa a kanki, ki dama ma'aunin da na ba ki, wanda zai ba ki kamar tire bakwai, ki yi na farko da na biyu babu ƙwai don ki ga halin ƙullun da wutarki tsirara, sannan ki shigo da ƙwai a na uku.

Ranar da za ki kai shi teburin karin kumallo, ki haɗa romon tun da dare, ki auna garin ki ajiye a kwano a rufe, da asuba ki dama ki bar shi yana hutawa kina shirya yara. Tire ɗaya ba ya ƙosar da babba, don haka ki lissafa biyu zuwa uku ga maigida, ɗaya ko biyu ga kowane yaro, kuma da tire biyu suna karɓa-karɓa za ki gama cikin kamar minti 20. Ki sa butar ruwan zafi a kusa don ƙara wa tukunya idan ruwanta ya ja baya, kada ki ƙara na sanyi ya kashe tafasar, kuma ki zaunar da kowa kafin ki zuba tiren farko, wanda ya fito a miƙa wa mai shi nan take.